Yadda Aka Cinye Akwatin Darakta Ta Baya

Shagon ɗaki ɗaya ne, tsakanin na tela da na mai gyaran agogo, kuma 'yan'uwa biyu ne a ciki, uwa ɗaya uba ɗaya, ko da yake in ka ji yadda suke gaisawa sai ka ce a kotu suka san juna. Aikinsu haɗa bidiyo. A kawo musu hoton taro ko na buɗe sabon kanti, su yanke inda mai gida ya yi hamma, su sa kiɗa, su mayar wa mutum da abinsa ya fi yadda aka yi shi kyau.

Babban shi ake kira Darakta. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma dage har sunan ya bi shi. A ba shi haƙƙinsa, yana da ido. Taron da kujeru suka fi mutane yawa, in ya bi ta hannunsa sai ka ga kamar an yi turmutsutsu. Ƙaramin kuwa Farfesa, wannan mutane ne suka raɗa masa, ba kuma don yabo ba. Shi ya haɗa kwamfutar da suke aiki da ita, guntu-guntu, kuma in ka yi kuskuren tambayarsa ko injin lafiya, to ka nemi wurin zama, don sai ƙafarka ta yi tsami bai kai rabin amsa ba.

Abin da ya raba su akwatin injin ne. Ba irin baƙin akwatin nan da ake turawa ƙarƙashin tebur a manta da shi ba. Wannan na harhaɗawa ne. Rufinsa daban, gindinsa daban, bayansa, gefensa, ƙafafunsa, har farantan ƙarfen da ake ɗaure kayan ciki a kansu, kowanne yana fita shi kaɗai, ka murɗa ɗan noti da yatsa biyu ka zare shi kamar aljihun tebur. Gefe ɗaya gilashi ne mai ɗan duhu, ta ciki fankoki suna juyawa, fitilu suna tashi daga shuɗi su koma ja. Darakta ne ya zaɓo shi, kuma tun daga ranar bai sake samun hankalinsa duka ba. Yana da tsumman da yake goge gilashin da shi, wanda ya hana matarsa ta haɗa da sauran wanki. Da ya ji ana iya ƙara wa akwatin wani hawa a sama, ya je ya sayo, alhali babu abin da za a sa a ciki. Farfesa ya ce an yi wa iska bene.

Rannan wata mata mai makaranta ta shigo, irin masu ƙatuwar jaka da ƙaramar murya. Ta kawo hoton taron ba da kyaututtuka na ɗalibanta, tana so a haɗa kafin ranar da iyaye za su taru. Ta ce ta wuce shaguna da yawa, amma da ta hango wannan inji daga bakin ƙofa sai ta ce wa direbanta ya tsaya.

"Inji mai irin wannan kyau ba zai yi aikin banza ba," in ji ta.

Darakta ya gyara wuyan riga. "Ranki ya daɗe, kin san abu. Ni na zaɓo shi da kaina."

"Shi ne ma yake goge shi," in ji Farfesa daga can ƙurya, bai ko ɗago ba. "Safe da yamma. Nan ya fi ƙwarewa."

Matar ta yi 'yar dariya ta bar musu katin kyamara ta fita. Ƙurar motarta ba ta kwanta ba aka fara. An tono na bara, an tono na yarinta, har keken da wani ya ɓata wa wani suna firamare sai da ya fito. Tela ya daina taka kekensa don kar ƙara ta hana shi ji. Da abin ya kai ga kowa ya ce a raba kaya, aka aika wa Gwaggo, ƙanwar babansu, wadda ita ta ƙarasa renonsu kuma har yau ba ta yarda sun girma ba.

Gwaggo ta zo ta zauna a kujerar Darakta mai juyawa, ta riƙe tebur da hannu ɗaya don kar ta tafi da ita. Ta kalli injin sama da ƙasa.

"Wannan abin yana rabuwa?"

"Ko'ina nasa yana fita, Gwaggo," in ji Darakta, da alfahari ma ya faɗa.

"To ku kwance shi ku baza. Kowa ya ɗauki ɗaya, ɗan'uwansa ya ɗauki ɗaya, yadda nake raba muku alewa. Babba ya fara. Wanda ya yi mini gardama in tashi in bar ku da tela."

Aka baza kaya a kan tebur har ƙasa. Darakta ba wawa ba ne, ya san wanne ne ƙwaƙwalwar injin, ya san wanne ne ke fitar da hoto, ya san wanda ake ajiya a ciki. Hannunsa ma ya nufi wajen. Sai ya ga Farfesa ya jingina gwiwar hannu a kan gilashin, yana ɗan ƙwanƙwasa shi da sukudireba, yana kallon silin. Darakta ya san yaron nan, in ya ɗauka, faranti zai mayar da shi ya ci abinci a kai.

"Gilashin," in ji shi.

Farfesa ya ɗauki ƙwaƙwalwar. Sannan ya kai hannu ya shafa fuskar akwatin, ta gaba, mai raga-raga, ya ce ashe za ta yi kyau a tagar banɗaki. Darakta ya fizge ta. Farfesa ya ɗauki mai fitar da hoton. Haka aka yi ta yi. Duk abin da yaron ya shafa, wansa ya wawure, duk abin da injin ke tunani da shi, yaron ya zura a kwali. Da aka gama, Darakta yana da akwati cif, har da benen, da fankoki da fitilu da babban allon kallo. Farfesa yana da kwali ɗaya na tarkace, da murmushi.

Gwaggo ta duba tulin kowa ta ce, "Kai babba ka cuci yaron nan, dubi naka dubi nasa." Ta sa takalmi ta tafi.

Aka kira kafinta ya tsaga shagon biyu da katakon filawud, tun daga bango har bakin ƙofa. Darakta ya mayar da akwatinsa yadda yake. Don kar cikin ya yi fayau, ya samo mataccen allon wayoyi na cikin wata tsohuwar dikodar talabijin ya ɗaura a ciki, ya jona fitilu da fankoki a soket. Da ya kunna, wallahi ya fi da kyau, tunda babu wayoyin da ke tare haske. Farfesa kuwa ya shimfiɗa nasa tsirara a kan kwali, ya saita musu fankar tebur. Injinsa yana gudu kamar ya tashi sama. Amma duk wanda ya zo da aiki, in ya leƙa ya ga kayan ciki a baje kamar an yi haɗari, sai ya ce sannu, ya shiga ɓangaren da ke walƙiya. Wanda ya daure ya tsaya, bayanin Farfesa ya kore shi.

To, Darakta ga masu kawo aiki, ga aikin mai makaranta yana jira, ga akwati babu komai. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne layin nan ya sani. In tela ya ji, mai agogo ya ji, in mai agogo ya ji, to har masu sayar da kati a bakin titi sai sun kira shi mai gadin fanko. Ya ɗauko tsohuwar laftof ɗin matarsa ya ɓoye a ƙarƙashin tebur. Da ya zuba mata hoton makaranta, ta yi nishi, ta yi zafi, ta tsaya cak a kan fuskar wani malami da bakinsa a buɗe, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ya je wurin Gwaggo, ta ce ita ta raba, ba ta haɗawa. Mai makaranta kuma ta fara kira, da ƙaramar muryar nan tata da ta fi tsawa sa mutum gumi.

Wata safiya, kafin tela ya buɗe, Darakta ya matsa jikin filawud ya yi gyaran murya.

"Kai."

Ya ɗan bugi filawud da yatsa.

"Kai, da kai nake."

"Yaya, ina kwana. Ya injin? Na ga yana ta haske, Allah ya ƙara lafiya."

Darakta ya yi bayani a gajarce. A huda filawud daga ƙasa, a zuro waya daga injin Farfesa zuwa allonsa, ya yi aikin daga nan, ba wanda zai sani.

"Ba komai, ai ɗan'uwa ne," in ji Farfesa. "Sai dai ka ga kayana a fili suke. Zaren tela yana shiga fanka, jiya ƙadangare na kora. Ka ba ni farantin da ake ɗaure su. Kai ai ba abin da za ka ɗaura."

Darakta ya auna. Farantin can ciki yake, ba a ganinsa sosai. Ya murɗa noti ya zare ya miƙa ta saman filawud. Waya ta shigo ta huda, allo ya kawo, ya zauna ya yi aiki har yamma, yana yi yana jinjina wa akwatinsa kai in wani ya leƙo.

Washegari ya danna, allo baƙi ƙirin.

"Kai, me ya faru?"

"Yaya, farantin ba ya tsayuwa shi kaɗai. Sai da gindi."

Ya ba da gindin, ya tura tsofaffin mujallu a madadinsa. Bayan gindi aka nemi baya, tunda ai bango yake kallo, wa zai gani. Bayan baya aka nemi ɗaya gefen, na ƙarfe. Sai ƙafafu. Sai benen, wanda Farfesa ya ce da bakinsa na iska ne, yanzu ya gano yana da amfani. Kullum da safe allo baƙi, kullum Darakta ya zare wani abu ya miƙa ta sama, yana yi yana leƙen ƙofa. Shi da yake yi wa mutane alfaharin cewa ko'ina na akwatin nan yana fita da yatsa biyu, sai ga shi yana tsine wa wanda ya ƙera shi haka. Da irin na da ne, mai walda, da sai dai yaron ya haƙura.

Ranar da aka karɓi rufin, abin da ya rage masa fuska ce da gilashi. Ya tsayar da su kusurwa, ya tokare da mujallu, ya ɗaure da salatef ta ciki, ya rataye mataccen allon da igiyar takalmi, ya manna fitilu da fanka guda. Sama kuma ya ja wani kyalle mai kyau ya ɗame shi da filoli. Tela ya leƙo ya tambaya, ya ce masa saboda ƙura ne, haka ake yi yanzu. In ka tsaya daga ƙofa, inji ne sosai. In ka zagaya, ko kaza ba za ta kwana a ciki ba.

Aikin dai ya kusa ƙarewa, saura sunayen ɗalibai da kiɗan rufewa, sai ga mai makaranta da kanta, ba ko sallama ta waya. Ta ce ta gaji da jin "an kusa", ta zo ta gani. Darakta ya tashi ya ba ta kujerarsa, ya tsaya ta inda jikinsa zai tare bayan akwatin. Ya kunna mata. Ta ga zauren makarantarta ya cika ya batse, ta ga inda makirufo ya mutu tana tsakiyar jawabi ya ɓace kamar ba a yi ba, ta ga kanta ta rage shekaru. Ta gyara zama, ranta ya yi fari. Jakar nan ta dame ta a cinya, ta waiga ta ga wuri mai kyau da kyalle a kai, ta ɗaga ta ta ɗora.

Jaka ta wuce. Ta tafi da kyalle da filoli da mataccen allo, ta dira a kan mujallu da wani irin tim. Gilashi ya yi baya zai kwanta, matar ta tare shi da tafin hannu, da saurin da ba ka zata daga mai irin jikinta ba. Fanka ta ci gaba da juyawa a rataye. A allo kuma yara suna ta karɓar kyauta, ko gezau.

Ta leƙa ciki. Ta kalli salatef, ta kalli igiyar takalmi. Ta bi waya da ido daga bayan allo har ƙasan filawud, inda ta tarar da huda, a cikin hudar kuma ido ɗaya da gilashin ido yana kallonta. Idon ya janye.

Darakta ya buɗe baki ya ce, "Ranki ya daɗe, wato, ana cikin gyara ne..."

"Rufe ƙofar nan tukuna," in ji ta a hankali. Ya rufe. "Ɗan nan, wannan aikin hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Tun yaushe babu komai a ciki?"

"An ɗan jima."

"Kuma mutane suna shigowa suna fita, ba wanda ya gane?"

"Sai ke."

"Ni ma jakata ce ta gane." Ta ciro jakar ta kakkaɓe ta. Ta sake ja da baya har bakin ƙofa, ta karkata kai ta kalli abin daga can, ta dawo. Fuskarta babu fushi ko kaɗan, irin kallon da mace ke yi wa atamfa a kasuwa ne. "Ina da ɗakin kwamfuta a makaranta. Allo-allo ne a jere a kan tebura, ƙasa babu komai. Shekara da shekaru iyaye suna leƙawa ta taga suna sa albarka. Bana aka samu wani uba mai shisshigi, ya fara durƙusawa yana duba ƙarƙashin tebur. Irin wannan nake so. Fuska da gilashi da wuta, a jere, ta inda taga ke kallo."

"Ranki ya daɗe, yaran fa?"

"Yaran suna koyon zana kwamfuta a littafi, kuma suna cinye jarrabawa. Kai dai za ka iya ko ba za ka iya ba?"

Abin kunya, kafin ta rufe baki Darakta ya riga ya fara lissafin inda haske zai faɗo da kusurwar da za a ɗauki hoto. Ya ce zai iya.

"Madalla. Wannan kuma zan tafi da shi yanzu, in ajiye a ofishina kafin iyaye su taru."

"Wannan ba na sayarwa ba ne," in ji shi da sauri. Ya ɗora hannu a kan gilashin. "Shi kaɗai ya rage mini."

"Ni ma bakina ba na haya ba ne, amma yana buɗewa. Iyayen yarana da yawa, kuma kowannensu yana da taron da zai so a ɗauka." Ta yi murmushi. "Kira mini direba. Ka haɗo da tsumman da kake goge shi."

Ta bayan filawud aka ji wani ya shaƙe da dariya har yana tari.

"Kai ma na cikin rami ina gaishe ka," in ji ta, ba ta ko juya ba. "Duk iliminka, da kwali aka san ka."

Tarin ya tsaya.

Direba ya zo ya rungumi fuska da gilashi, fitilu suna reto a bayansa, ya bi ta gaban tela ya sa a mota. Darakta ya tsaya a kan teburin da babu komai sai mujallu da sawun ƙura mai kusurwa huɗu. Bai gama tattara filoli ba tela ya shigo, da tef a wuya, wai ya zo aron almakashi, shi da ke da almakashi har uku.

"A'a, Darakta, ina injin?"

"Makaranta ta ɗauka. Sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba."

"Ikon Allah." Tela ya kalli allo, inda wata yarinya ke karɓar kofi tana murmushi. Ya kalli tebur. Ya durƙusa, shi ma, ya kalli ƙarƙashi. "To wannan hoton da ke motsi fa, daga ina?"

Darakta yana neman abin da zai ce, allo ya yi baƙi.

Suka tsaya su biyu suna kallon fuskokinsu a ciki. Saura sunayen ɗalibai, saura kiɗan rufewa, kuma matar ta ce gobe za ta aiko. Darakta ya kalli tela, tela bai da niyyar tafiya ko'ina, ya ma jingina da ƙofa. Sai ya taka a hankali zuwa jikin filawud ya ƙwanƙwasa.

"Farfesa."

"Na'am, Yaya."

"Kunna."

"Akwatin nawa fa babu fuska, Yaya. Kowa ya leƙo sai ya ga kamar an cire masa haƙora."

"Ka ji da kunnenka an tafi da ita. Ba abin da ya rage."

Idon nan ya sake bayyana a huda, yana duba kaya.

"Kujerar nan mai juyawa," in ji Farfesa. "Bayana yana ciwo."

Darakta ya ɗaga kujera ya miƙa ta saman filawud, ƙafafunta suna juyi a iska, hannu biyu suka karɓe ta daga can. Allo ya kawo. Ya sunkuya a kan tebur a tsaye ya kama rubuta sunan ɗalibar farko, bai kalli kowa ba.

Tela ya ɗan yi tari. "Akwai benci a wurina, ba na amfani da shi," in ji shi. "Bari in ɗauko maka. In na kawo sai ka faro mini tun daga ranar da Gwaggo ta zo, don akwai wuraren da keke ya hana ni ji."